Mai Daddawar Bakin Gadar Wudil

Zan iya manta ranar da aka ɗaura mini igiyar farko ta muƙamin soja, amma akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na tsaya a bakin gadar Wudil da ƙullin kifi a hannu na gane irin ɓarnar da na yi. Tunda kun ce in ba ku labari kafin in miƙa makullin ofishin nan, to ku gyara zama. Ba labarin jarumta ba ne. Kuskurena ne, ni Samanja guda da furfurata.

Bari in fara da sababbin cikinku, waɗanda har yanzu takalminsu ke cizon su. Idan aka gwabza aka dawo sansani, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya amsa, alhamdulillahi. Wanda aka ɗauko gawarsa, an san matsayinsa: a yi masa sutura, a je gida a yi ta'aziyya, matarsa ta shiga takaba. Sai na uku, wanda bai amsa ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Shi ake rubuta wa cewa ya ɓace a fagen daga, a buɗe masa fayil, fayil ɗin ya sauka a kan teburin nan na ofishin kula da iyalai. Daga nan aikinmu biyu ne. Mu yi ta bin sawu, asibiti asibiti, sansani sansani, mu kuma riƙa leƙa iyalinsa duk bayan wata uku. Abu na farko da Manjo, shugaban ofishinmu na lokacin, ya koya mini shi ne, a gidan wanda ya ɓace ba a cewa Allah ya jiƙansa, ba a kuma cewa yana nan tafe. Bakinka zai yi ta ƙaiƙayi, amma haka za ka daure.

Fayil ɗin Kofur Basiru ya zo hannuna da damina. An yi musu kwanton ɓauna a arewa maso gabas, aka neme su su biyar aka rasa. Mutumin Dagumawa ne, ni kuma iyalina suna Sabon Garin Wudil, duk ƙarshen mako ina gida, shi ya sa Manjo ya ce in riƙe shi. Na buɗe na karanta abin da yaron ya rubuta da hannunsa. Uba, ya rasu. Uwa, Hajiya Asabe. Mata, Rabi. 'Ya'ya, babu.

Hajiya Asabe irin matan nan ce da tun daga zaure za ka san suna gida. Ranar da na fara zuwa, bayan mun gama gaisuwa, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta zauna ta fara ba ni labarin Basiru tun daga ranar da ya fara tafiya. Yadda yake son ɗanwake da yaji har sai hanci ya zuba. Yadda ya faɗo daga kan jaki ya tsage gira. Tana yi tana kuka, tana kukan tana dariya. Duk Laraba sai ta fito da kayansa ta shanya, wai kada ya dawo ya tarar suna warin ɗaki.

Rabi kuwa watansu bakwai da aure ya tafi. Ba ta cika magana ba. Sau ɗaya ne ta biyo ni har bakin zaure, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba Samanja, ni kwalliya zan yi ko takaba?"

Na ce ta ci gaba da addu'a, na hau babur ɗina.

Akwai kuma mace ta uku a gidan, siririya, ba ta kai Hajiya shekaru ba. Ita ke kawo mini ruwa a kwanon sha, ta ajiye, ta koma can gefen murhu ta juya mana baya tana dunƙula daddawa. Hajiya ta ce mini, "Hansai ce, matar ƙanin maigidana. Mazan namu duk sun riga mu gidan gaskiya, sai muka zauna tare." Shekara biyu ina zuwa gidan nan, ko sau ɗaya Hansai ba ta taɓa tambayata ko an ji ɗuriyar yaron ba. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Gaskiya har haushinta na riƙa ji. Nakan ce a raina, wannan wace irin zuciya ce, ko maƙwabci ai ya tambaya.

Ana cikin shekara ta uku, bayan kaka, saƙo ya zo daga hedikwata. Manoman da suka koma ƙauyensu bayan an kori 'yan ta'adda sun ci karo da wani rami, da ƙasusuwan mutum biyar da ragowar kaki. Babu lamba, babu takarda. Wurin kuwa bai yi nisa da inda su Basiru suka ɓace ba. Aka ce a ɗebo samfuri daga iyaye ko 'ya'yan kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin. Gwajin jini muke ce masa, ko da yake ba jini ake ɗiba ba. Auduga ce a kan ɗan tsinke, a goga a cikin kumatu, a rufe a kwalba, likitoci su gwada da ƙashin su ga ko jini ɗaya ne.

Muka tafi da wata nas, Saje Talatu. Ni na cike takardar, kuma inda aka ce mahaifiya na kwafe abin da ke fayil. A cikin mota ta dubi takardar ta ce, "Yallaɓai, an tabbatar ita ce mahaifiyar?"

Na ce, "Ni da nake shan ruwan gidan nan shekara biyu kike tambaya?"

Ta bar maganar, don ni ne babba. Kun ga inda girman kai ke kai mutum. Hajiya ta buɗe baki aka goga, Hansai na can gefen murhu ta ba mu baya, muka kamo hanya.

Da sakamako ya fito, huɗu sun dace da danginsu. Na biyar ɗin, takarda ta ce babu abin da ya haɗa shi da Hajiya Asabe. Na je na faɗa musu da bakina cewa wanda aka samu ba Basiru ba ne. Hajiya ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida. Ta ce daman ita jikinta bai taɓa ba ta ya mutu ba. Ranar Juma'a ta sa aka toya waina aka raba sadaka, Rabi ta sa lalle karo na farko tun tafiyarsa. Iyayenta da suka fara maganar a je gaban alƙali a san matsayin aurenta, ta aika musu cewa su bari, mijinta na raye. Ni ma da nake koya wa mutane tsayawa a tsakiya, wallahi na ji daɗi. Wainar nan har biyar na ci.

Wata shida aka yi a haka. Sai wata Alhamis Manjo ya ce mini, wancan na biyar ɗin da ba a san mai shi ba, an gaji da ajiyarsa a asibiti. Ƙarshen wata za a binne shi a maƙabartar sojoji, a kafa masa allo da lamba kawai. Na ce Allah ya jiƙansa, ko ɗan waye. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari Juma'a, ranar kasuwa. Kun san yadda Wudil take a ranar, motocin shanu sun cushe hanya, ba masaka tsinke. Na sauko daga masallaci na sayi kifi, ina neman inda zan tsallaka, sai na hango Hansai. Ba a cikin kasuwa take ba inda masu daddawa ke zama. Tana can bakin titi, daf da gada, inda ƙura da hayaƙi suka fi yawa, ta ajiye farantinta a gabanta. Ina shirin ƙarasawa mu gaisa sai ga jerin motocin soja sun taho daga gabas. Matar nan ta miƙe tsaye. Ta sa hannu ta kare rana, tana leƙa bayan kowace mota, fuska bayan fuska, har ta ƙarshe ta haye gada. Sannan ta zauna. Ba a jima ba wata guda ɗaya ta biyo baya, ta sake miƙewa. Wani ya tsaya yana taya daddawa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da kuka da kuɓewa a kusa da inda na tsaya. Ta ga ina kallo, ta ce, "Kullum haka take, ɗan nan. Mun yi mun yi ta shigo ciki inda ake ciniki, ta ƙi. Tun da sojan nan ya ɓace."

Na ce, "Ikon Allah. Duk don ɗan wan mijinta?"

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. "Wane ɗan wan miji? Ɗanta ne, na fari. Ana yaye shi aka ba Asabe, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Kai ba Bahaushe ba ne?"

Ku da kuka zo daga kudu, bari in fassara muku. A wajenmu, musamman a karkara, mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Sau da yawa ma wani a dangi ake ba riƙonsa, kuma wadda ta riƙe ɗin ita ce uwa, ko a bakin yaron. Basiru bai yi ƙarya a fayil ba. Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Ba wanda zai tsaya a gabanta ya ce ba ita ta haife shi ba, kuma ba su san tsinken nan haihuwa yake nema ba, ba riƙo ba. Ni ne ya kamata in sani. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina ɗan fari ne. Kakata ce ta riƙe ni. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "kai wannan" take ce mini. Na zauna shekara biyu ina kallon bayan Hansai, ban gane bayan uwata ba.

Ban ƙarasa wajenta ba ranar. Na koma gida, kifin ma ban iya ci ba. Zan faɗa muku gaskiya, zuciyata ta ce mini in yi shiru. Wa ya sani? A binne shi da lamba, Hajiya ta ci gaba da shanya kaya, Rabi ta ci gaba da lalle. Amma sai in tuna yarinyar nan za ta tsufa tana jiran wanda wataƙila yake kwance a asibiti, ga kuma wata tana miƙewa a bakin titi duk Juma'a.

Ranar Litinin na ƙame a gaban Manjo na ce, "Yallaɓai, na yi ɓarna." Na kwashe duka na faɗa masa.

Ya ce, "Samanja, ka san abin da za ka koma ka ƙwace a gidan nan?"

Na ce, "Na sani, Yallaɓai."

Ya ce, "Zan roƙi a dakata da binnewar. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ɗauki Saje Talatu ku tafi gobe."

A hanya Saje Talatu ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Na so ma ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Muka yi sallama, aka shimfiɗa tabarma, Hansai ta kawo ruwa ta koma wajen murhu. Na yi ta jan gaisuwa, ina gida, ina gajiya, ina amfanin gona, har na rasa abin tambaya. Sannan na ce, "Hajiya, gwajin da aka yi, kuskure ne, kuma nawa ne. Ba na wadda ta riƙe ake ɗauka ba. Na wadda ta haifa ake ɗauka."

Rabi da ke bakin ƙofar ɗaki ta dafa bango.

Hajiya ta ce, "Ni na goya shi. Ni na yi jinyar kaciyarsa. Ni na kai lefensa gidan su yarinyar nan. Yau tsinke ne zai ce ba ni ce uwarsa ba?"

Na ce, "Ba wanda ya isa ya ce haka, Hajiya. Shi da kansa sunanki ya rubuta."

"Kai ka zo nan ka ce mini ba shi ba ne. Na yi sadaka. Ka ci."

Na ce, "Na ci, Hajiya."

Na juya wajen murhu na ce, "Hansai, ke muke roƙo." Ba ta juyo ba. Hannunta na cikin daddawa ta ce, a hankali, "Ni ba ni da ɗa a gidan nan. Na Yaya ne." Yaya take kiran Hajiya.

Na bayyana musu abin da ya rage: idan ba a gwada ba, ƙarshen wata za a rufe wanda ke asibiti da lamba a kansa, kuma ba mai sake sanin ko waye. Hajiya ta daɗe tana kallon igiyar da take shanya kayansa. Can ta share fuska da gefen mayafi, ta tashi da ƙyar, ta taka har bakin murhu. Ta kama hannun Hansai, da daddawar da komai.

Ta ce, "Tashi. Ni na riƙe, ke kika haifa. In shi ne, ba za a binne mana yaro kamar marar gata ba. Buɗe bakinki."

Ƙa'ida ce nas ta tambayi mai ba da samfuri sunan wanda ake nema. Saje Talatu ta tambaya. Hansai ta buɗe baki ta rufe, ta sunkuyar da kai. Hajiya ce ta amsa mata. Na ce wa Saje ta rubuta, ni zan sa hannu a matsayin shaida.

Mako biyar muka jira. Ba na jin na taɓa ganin makonni masu tsawon waɗannan. Da takardar ta zo, Manjo ya miƙo mini. Shi ne.

Na sa kakina mai guga na tafi Dagumawa. A karo na farko cikin kusan shekara uku na faɗi kalmar da nake riƙewa: Allah ya jiƙan Basiru. Hajiya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Rabi ta cire 'yan kunnenta ta shiga ɗaki, kuma ko da malamin unguwa ya ce kwanakin takabarta sun riga sun wuce tuntuni, ta ce ita dai a bar ta ta yi zamanta. Mutane suka cika gida suna yi wa Hajiya ta'aziyya, kamar yadda ya dace. Hansai kuwa ta hura wuta ta ɗora tukunya, don baƙi za su ci abinci.

Wurin binnewa da nisa, matan ba su je ba. Ni da limaminsu muka wakilci gida. Aka yi masa salla, aka yi masa faretin ban girma, aka kafa allo da sunansa da muƙaminsa. Na ɗauki hoton allon a wayata, na kai wa Hajiya da Rabi suka gani. Hansai tana gefen murhu, ba ta taso ba, ni kuma ban kira ta a gaban mutane ba. Wannan karon na san dalili.

Bayan an yi arba'in, wata Juma'a na bi ta bakin gada. Tana nan a inda take. Na durƙusa muka gaisa, na ce in sayi daddawa. Muna cikin haka wata motar soja ta taho daga gabas. Na ga ta dafa ƙasa ta fara miƙewa, ta kai rabi, sai ta tuna. Ta koma ta zauna.

Ta ce, "Ƙafar ce ta saba."

Ta ƙulla mini daddawar, ta duba hagu da dama ta ga ba wanda ya san ta a kusa. Sannan ta ce, "Samanja, an ce akwai hoto."

Na fito da wayar na miƙa mata. Ta goge hannunta a zane sosai kafin ta karɓa. Ba ta yi boko ba. Ta sa yatsa a kan rubutun ta ce, "Nan ne sunan?"

Na ce, "Nan ne."

"Karanta mini."

Na karanta mata. Motoci na ta wucewa a bayana. Sai na ji ta ce, ƙasa ƙasa, "Basiru." Ta ɗan dakata, ta sake cewa, "Basiru." Hawaye na zuba a kan farantin daddawar, ba ta share ba.

Ta ce, "Shekara talatin da huɗu. Ashe haka yake a baki."

Daga ranar na ƙara layi ɗaya a takardar ofishin nan, kuna ganinsa har yau: wa ya riƙe, wa ya haifa. Kada ku ji nauyin tambaya, amma ku san yadda za ku yi ta, a keɓe, ba a tsakar gida ba. Fayil yana faɗin abin da soja ya rubuta ne kawai. Idan kun shiga gidan wanda ya ɓace, ku zauna da mai kuka, hakkinta ne. Amma kafin ku tashi ku dubi wadda ta kawo muku ruwa ta juya baya.

Ni dai ranar, da na bar bakin gada, ban nufi gida ba. Na wuce maƙabartar garinmu na zauna wajen kabarin tawa mahaifiyar har aka kira la'asar. Na yi ta ƙoƙarin in ji yadda sunana zai kasance da muryarta, ban iya ba.